Rasuwar Baturiya, Motar Labo Mai Tambarin Kat-Kat

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka ƙi bushewa tun ranar Talata, Labo direba na tashar Gazawa, da maiɗakinsa Saliha, da 'ya'yansu huɗu, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Gazawa da Agye da Gangara, har can Gidan Rumji, rasuwar motarsu wadda duniya ta sani da suna Baturiya. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, bayan la'asar, a tsakiyar koramar Dogon Gawo, ruwa ya kai mata wuya. Liman ya ce mota jaje ake yi mata, ba ta'aziyya ba. Labo ya ji, ya kuma yarda, amma duk wanda ya ga fuskarsa a kwanakin nan ya san abin ya fi ƙarfin jaje.

Ana roƙon mai karatu ya yi haƙuri da tsawon wannan sanarwa. Akwai wata magana a cikinta da Labo ya shekara uku yana ɓoye wa surukinsa, Malam Tanimu na Dogon Gawo, mahaifin Saliha. Bakinsa ba zai iya kai ta gaban tsohon ba, shi ya sa ya ɗora wa takarda.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya daidai. A Turai aka haife ta, ta sauka ta bakin teku da tsufanta, ta yi zama a hannun wani malamin lakol, wato makarantar boko, a Agye, sannan wani mai sayen gyaɗa, kafin Allah Ya haɗa ta da Labo shekara tara da suka wuce. 'Yar ƙarama ce, fara, mai ƙofa huɗu, uku daga ciki suna buɗuwa. An yi ta don mutum biyar, amma ba ta taɓa barin na takwas a tasha ba. Ta ɗauki buhun gero, ta ɗauki akuya mai ciki, ta ɗauki gadon amarya da katifarsa a ka, ba a taɓa jin ta yi ƙorafin da ya wuce ƙugi ba. Ba ta da haɗama, kwalba biyu ta mai ta ishe ta zuwa Agye. Maƙwabta za su daɗe suna tuna gaisuwarta ta safe: kyar-kyar-kyar sau uku, shiru, sannan tuf! da hayaƙi, kajin unguwa su watse. Hon ɗinta kuwa muryar rago mai mura ce da shi, duk da haka yara da awaki sun san shi, suna kauce mata.

Ba a yabon mamaci a ɓoye rauninsa duka. Baturiya tana tsoron yashi, kuma ba ta son tudu. An taɓa ganin amalanken jaki ya wuce ta a hawan da ke gaban Agye, mai jakin har da ɗaga hannu yana yi wa Labo sannu. Labarin ya riga shi isa tasha. Wata guda direbobi suna tambayarsa lafiyar jakin, yana dariya tare da su, amma abin ya zauna masa a rai.

A cikin wannan hali ne ya kai wasu fataken tumaki kasuwar Gidan Rumji, ya tarar da wani mutum ya baza faranti cike da tambaran ƙarfe masu ƙyalli, irin waɗanda ake gani a bayan manyan motoci. Labo ya tsaya don ya kalla kawai, ya koma gida da TURBO a aljihu. Bayan wata biyu SPORT ya biyo baya, sai V8, daga ƙarshe kuma babban yayansu, 4x4, alamar motocin da ake kira kat-kat, masu ja da tayoyi huɗu, waɗanda yashi da laka ba sa ba su tsoro. Usman bakanike ne ya manna su da gam, duk wanda ya manna kuma sai ya ce, "Labo, ka dai san ƙarhen nan ba ya shiga cikin inji ko?" Labo ya sani. Amma ya rantse tun daga ranar gudunta ya ƙaru. Mai rubuta wannan sanarwa ya shige ta kafin tambari, ya shige ta bayan tambari, kuma abin da zai iya shaida shi ne a lokaci ɗaya ake isa Agye.

A tasha kowa ya san gaskiya, abin ya zama wasa. Jandarman shinge yakan zagaya bayanta, ya karanta tambaran ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, ya sara wa motar, ya ɗaga itace. Labo kuwa yana goge su da gefen rigarsa kowace safiya kafin ya wanke fuskarsa da kyau. Da a nan abin ya tsaya, da babu wanda ya cutu.

Amma a Dogon Gawo, can bayan Gangara, ba a san wasan ba. Kat-kat ɗin da suka sani ita ce ta masu rigakafi, wadda ke ratsa jigawa tana feshin yashi. Malam Tanimu bai yi boko ba, sai dai ya san wannan alama sarai, huɗu biyu da gicciye a tsakani. Ranar da ya fara ganinta a bayan Baturiya ya sa yatsa ya shafa ta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe ɗiyata kat-kat take shiga." Labo na tsugune, kai a ƙasa kamar yadda ya kamaci suruki, ya ce, "Na'am, Baba." Ya yi niyyar gyara maganar in an jima. In an jiman nan ne ya kai shekara uku.

Tun daga lokacin, duk zuwansa ƙauyen a bakin lakol yake ajiye motar, inda ƙasa mai tauri ta ƙare, ya taka sauran yashin da ƙafa. Mutanen gari suka ce ladabi ne, yaron ba ya kai mota ƙofar gidan suruki, aka riƙa ba matasa misali da shi. Saliha kaɗai ta san yashin yake tsoro. Ta faɗa masa ba sau ɗaya ba, "Malam, ko ka cire ƙarhen nan, ko ka hwaɗa wa Baba gaskiya. Ɗaya dai." Kullum sai ya ce bayan salla.

Ciwon ajali ya zo ba zato. Saliha ta sauka lafiya, aka sa suna ranar Laraba, Labo ya tafi ɗauko tsohon ranar Talata. A zuwa, ruwan korama iya idon sawu ne, Baturiya ta ratsa tana tari. Suna cin tuwon rana aka yi ruwa mai ƙarfi can kudu, ko ɗigo bai sauka a Dogon Gawo ba. Da suka dawo bakin korama da la'asar, da buhun gero da zabi uku a baya, sai suka tarar ta cika ta batse, ruwa ja yana tafe da karmami da rassan ƙaya.

Ga motoci biyu, ga babbar mota, ga 'yan kabu-kabu, duk sun tsaya. An riga an kafa kara a bakin ruwa yadda aka saba, kowa ya sami wuri ya zauna yana kallonsa. In ruwa ya ja baya ya bar karan da taki guda, sai a fara gwadawa, babba a gaba. Labo ya kafa irin wannan kara ya fi sau ɗari a rayuwarsa. Ya kashe mota, ya fara neman inuwa.

Sai Malam Tanimu ya fito ya hango sa'o'insa uku a gindin gawo, 'yan dawowa daga kasuwa. Suka gaisa, suka ce ya zo ya zauna, yau sai magariba in an yi sa'a. Tsohon ya gyara babbar rigarsa ya ce, da muryar da har na tsallake sun ji, "Ku dai ku jira. Mu tamu kat-kat ce, irin wanga ruwa ba ya tsai da ta. Na ga ta masu rigakahi ta ratsa wanda ya hi shi." Ya juyo. "Ko ba haka ba, Malam Labo?"

Direbobin ƙananan motocin nan biyu 'yan tashar Gazawa ne, sun san Baturiya ciki da bai. Ɗaya ya sunkuya yana gyara takalmin da bai lalace ba, ɗaya ya kama kallon sama. Babu wanda zai kunyata dattijo a gaban sa'o'insa, kuma maganar ba tasu ba ce. Kalma ɗaya ta rage ga Labo: a'a. In ya faɗe ta, ya tona kansa, ya kuma mai da tsohon abin dariya a gindin gawon da yake zama kowace ranar kasuwa. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce, "Haka ne, Baba."

A shaida wa marigayiya, ba ta yi gardama ba. Ita da ke son kira uku, ranar a kira ɗaya ta tashi. Ta shiga ruwan a hankali, ya kai mata taya, ya kai mata ƙofa, ya shigo ya jiƙa ƙafafun tsohon, shi kuwa yana cewa, "Taka ta, Malam Labo, taka ta!" Labo ya taka. Ta yi wani ƙugi da ba a taɓa jin ta yi ba, ta ƙara taki biyar, sannan ta ce gul, gul, tuf. Daga nan ba ta sake cewa komai ba.

Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba. 'Yan kabu-kabu suka shiga da igiya, aka goyo Malam Tanimu zuwa gaɓa, hularsa ta bi ruwa, zabi uku suka tashi, har yau ba a ji labarinsu ba. Bijiman noman tsohon guda biyu aka ɗauko daga gida suka jawo ta kafin rana ta faɗi. Washegari a kan babur tsohon ya iso wajen suna, da aron hula. Usman ya buɗe injin ranar Alhamis, ruwa ya zubo, yashi ya biyo, wani ɗan kwaɗo ya fito ya kama gabansa. Usman ya cire hularsa ya ce, "Sai haƙuri."

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu, ɗaya ce mai sauran ƙarfi. Ta bar kujerar baya, wadda yanzu aka shanya a kan danga, da madubi ɗaya da Saliha ta riga ta rataye a ɗaki, da hon wanda ruwa ya ƙarasa masa murya. Ta kuma bar tambarai huɗu cikin ƙoshin lafiya. Su kam ko ƙwarzane ba su yi ba, sun fito daga ruwan sun fi da ƙyalli, kuma ganinsu ya fi komai ƙona wa Labo rai.

Ranar Juma'a bayan masallaci, Labo ya dawo gida ya tarar da bijiman nan biyu ɗaure a ƙofarsa. Ƙanen Malam Tanimu ne ya koro su, da saƙo: tsohon ya ce bakinsa ne ya kashe babbar mota, ba shi da abin da ya kai kat-kat, amma ga abin da yake da shi. Labo ya mayar da su a ranar, Asabar da hantsi suka dawo. Damina ta yi tsakiya, gonar tsohon na jiran huɗa, ba shi da wasu shanun, kuma an ce tun Talata bai ci abincin kirki ba. Bijiman sun cinye rabin dangar Saliha, ita kuwa kallon Labo kawai take yi.

Saboda haka Labo yana sanar da kowa, musamman Baba, da dattawan nan uku na gindin gawo, cewa Baturiya ba kat-kat ba ce, ba ta taɓa zama ba ko na yini ɗaya. Tayoyinta biyu na gaba ne kaɗai ke ja, su ma da lallashi. Tambarin na faranti ne, gam ne ya riƙe shi. Ajiye mota a bakin lakol ba ladabi ba ne, tsoron yashi ne. Malam Tanimu bai yi ƙarya ba, abin da aka nuna masa ya faɗa, kuma babu hannunsa a wannan rasuwa. Labo, da ya san gaskiya amma ya ce "Haka ne, Baba," shi ya kashe ta, yana kuma jin kunyar da ta fi baƙin cikin motar nauyi.

Za a yi wa marigayiya wanka ranar Lahadi da safe a garejin Usman, bayan an ɓamɓare tambaran da wuƙa, don ta tafi da sunanta na gaskiya. Daga nan bijiman za su ja ta zuwa filin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan tasha, inda za a yi bankwana. Masu rakiya su zo da ƙafa. Ba a buƙatar kowa ya kawo komai, wanda ya zo ya ce Allah Ya mayar da alheri, ya wadatar.

Ana gama sallama Labo zai kama igiyar shanun ya nufi Dogon Gawo a ƙasa. Ana roƙon malamin lakol na garin, don girman Allah, ya karanta wa Malam Tanimu wannan takarda kafin azahar, a hankali, ta kunnensa na dama, kada ya tsallake ko layi ɗaya. Labo zai iso wajen la'asar. Zai tsuguna a bakin zaure, takalmi a hannu ɗaya, igiya a ɗayan, ba zai tashi ba sai an karɓi igiyar.