Jawabin da Ba Shi da Wurin Numfashi

Ba zan taɓa mantawa da daminar da fetur ya ɓace ba, lokacin ina koyarwar sa-kai a wata ƙaramar sakandare a yankin Rimin Gado. Sa-kai shi ne ka yi aiki kamar kowa, in wata ya ƙare a sa maka albarka. Burina ɗaya ne, a ɗauke ni aikin dindindin.

Kwamfuta ɗaya ce a makarantar, ni kuma na cika baki cewa na iya. Gaskiya tafireta na koya. In ina son layi ya koma tsakiya, sai in danne dogon maɓallin nan na tazara har ya isa (ni a lokacin gani nake ƙwarewa ce).

Ana nan aka ce wani babban jami'in ilimi zai kawo ziyara. Shugaban makaranta, Malam Sani, ya ba ni jawabin maraba in buga. "Malam, ka gyara shi da kyau," in ji shi. "A ƙarshensa na roƙa maka aiki."

Safiyar ranar aka tsiyayo fetur daga babur ɗin wani malami aka tayar da janareta. Takarda biyu ta rage a ofis, jawabi kuwa ya ci shafi uku, saboda filayen da na bari a ciki sun isa a shuka gyaɗa. Sai na tuna akwai inda ake sa kwamfuta ta nemo abu ta musanya shi. Maimakon in ce ta mayar da tazara biyu ɗaya, sai na buga tazara guda a akwatin sama, na bar na ƙasa fayau, na ce ta yi duka. Nan take jawabi ya tsuke. Idona yana kan lambar shafi, kunnena yana kan janareta da ya fara tari. Na fitar, na ninke, na miƙa ina murmushi.

Iyaye sun baro gonakinsu sun cika gindin darbejiya. Malam Sani ya buɗe takarda. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Babu tazara ko ɗaya. Tun daga bisimilla har godiya, kalma ɗaya ce. Dattijon nan ya daure ya ja layin farko da numfashi guda, a na biyu tari ya sarƙe shi.

Jami'in ya miƙa hannu ya karɓa. "Wa ya buga wannan?"

"Malamin kwamfutarmu ne, ranka ya daɗe."

"Shi ne ake roƙa wa aiki a nan ƙasa? Sunansa kaɗai na iya tsinta."

Daga can bayan taro wani manomi ya ɗaga murya: "Haba Malam, ko gero ai ana ba shi tazara!" Har ɗalibaina suka yi dariya, waɗanda jiya na zane su a kan ƙazantar rubutu.

Aikin dai wani ɗan 'yar'uwar wani ya samu, wanda na tabbata ko kunna kwamfutar bai iya ba. Amma shi ba wanda ya taɓa gwada shi a gaban jama'a. Malam Sani bai yi mini faɗa ba, bai kuma sake ba ni ko sanarwar hutu in buga ba.

Abin da na koya shi ne, a ƙasar nan in ka ga matsala ta warware nan take, kada ka yi saurin hamdala. Duba da kyau, yayarta ce ta shigo.