Mai Gwaten Da Ta Yabi Marubuciya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ƙaddamar da littafina ba. Ko na so in manta, matan zumuntar cocinmu na Rikkos suna nan da ransu, kuma Ubangiji bai rage su da ƙwaƙwalwa ba.

Littafin ɗan ƙarami ne, sunansa "Inda Ya Ajiye Ki". A kan teburin cin abinci na rubuta shi, tsakanin wanke-wanke da ɗauko yara daga makaranta. Maganarsa ba ta da wuya: Allah bai halicci kowa a banza ba, kuma macen da ke tsaye gaban tukunya tana iya cika nufinsa kamar mai tsayawa a bagade. Babi mafi tsawo a ciki a kan tawali'u yake. Da mai buga littafin ya nemi hotona don bangon baya, ƙi na yi, na ce ɗaukaka ta Ubangiji ce. (Na gaya wa mutane da dama cewa na ƙi.)

A cocinmu, in mace tana da taro, zumunta ce ke girki, mai taro ba ta taɓa ludayi. Nata ta zauna a gida a ɗaura mata gwaggwaro. To amma gwate za a yi, kuma Mama Rifkatu ce shugabar girki, ita kuwa tana zuba yakuwa kamar mai fushi da tukunya. Na kasa zama. Na ɗaura zanin zumunta irin na kowa, na ja tsohon ɗankwali har goshi, na ajiye tabarau saboda tururi, na zagaya bayan coci. Mama Rifkatu ta kore ni, na ce ɗanɗanawa kawai zan yi. Ban ankara ba muciya tana hannuna.

Ina cikin juyawa, hayaƙi yana sa ni hawaye, sai ga wani dattijo da farar kwala a wuya ya biyo ta ƙofar baya. Shi ne Rabaran ɗin da maigidana ya gayyato daga Bukuru ya yi sharhin littafin. Bai taɓa ganina ba.

"Sannunku da aiki, mata. A taimake ni da ruwa."

Na kawo masa a kofi, na rusuna. Ya sha, ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Baiwar Allah, ke 'yar cocin nan ce? Kin karanta littafin nan da za a ƙaddamar?"

"Na karanta, Baba."

"Madalla. Tun tuni aka kawo mini shi, amma daga jana'iza sai ɗaurin aure. Ko buɗe shi ban yi ba, ga shi ni ne mai sharhi. Me ke ciki?"

Nan ya kamata in ce ni ce. Allah ya sani tausayi ne ya fara hana ni. Dattijo ne sa'ar mahaifina, yaya zan bar shi ya gane cewa marubuciyar ya gaya wa? Sai na zayyana masa littafin babi-babi, yana gyaɗa kai, yana rubutawa a bayan takardar gayyata. Da a nan muka tsaya, da aikin alheri na yi.

Sai ya ce, "Ita marubuciyar fa, wace irin mace ce?"

Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba.

"Kai, Baba, irinta ba su da yawa a Jos."

"Allah?"

"Ga addu'a, ga azumi, ga haƙuri da miji. Ba ta son a san ta. Ko hotonta ta ƙi a sa a littafin. Mu nan duk koyi muke da ita. Gwatenta kuwa, in ka ci ba ka ƙara cin na wani."

Mama Rifkatu tana durƙushe tana gyara itace. Ta ɗago ta dube ni. Ta dai daina gyarawa.

Na ruga gida na yi wanka, na sa leshi, aka ɗaura gwaggwaro, na shafa hoda, na maƙala tabarau. Aka shigo da ni da waƙa da guɗa, aka zaunar da ni a babban tebur, kafaɗa da kafaɗa da Baba Rabaran. Ya gaishe ni da hannu biyu. Bai gane ni ba. Na yi godiya ga Ubangiji a zuci (har da ayar da na ga ta dace).

Da lokacinsa ya yi, ya karɓi lasifika. Sharhin ya yi kyau ƙwarai, ba don nawa ba ne. Sai ya dakata.

"Jama'a, a gidan Allah muke, ba zan yi ƙarya ba. Ban karanta littafin nan ba. Duk abin da na faɗa, wata mai girki ce ta koya mini a bayan cocin nan. Kuma ta ba da shaida a kan marubuciyar. Ta ce ga iya gwate, ga addu'a, ga azumi, ga haƙuri da miji."

Aka tafa. Maigidana ya juyo ya dube ni, ya ci gaba da dubana.

"In ana yabon mace a bayan idonta, a bakin murhu, to ta gaskiya ce. A kira mini wannan baiwar Allah. Kwafin farko nata ne, kuma ina so su rungumi juna a gabanmu."

Masu tsaron ƙofa suka fita. Zufa ta fara bin ƙarƙashin gwaggwaro. Na roƙi Allah a ɗauke wuta, abin da ba a taɓa roƙa ba a Jos, amma ranar wuta ta zauna daram. Suka dawo da Mama Rifkatu, ludayi a hannunta.

"Ba ita ba ce," in ji Rabaran. "Mama, ina abokiyar aikinki?"

Mama Rifkatu ta juyo wajena. Ni kawai take kallo, irin kallon da take yi wa tukunya in tana jiran ta tafasa. Dattijo ya faɗi tasa gaskiyar a gaban jama'a, saura ni. Na miƙe.

"Zauna tukuna, Mama, sai ta zo," in ji Rabaran da ya ga na miƙe.

"Ta zo, Baba."

"Ina take?"

Na cire tabarau.

Ya dube ni, ya dubi takardar gayyatar da ke hannunsa, ya sake dubana. Can daga baya wata ta ce, "Gwaten dai Rifkatu ce ta dafa." Daga nan kuma ba wanda ya iya riƙe dariya. Matar fasto ta rufe fuska da littafin waƙoƙi, kafaɗunta suna rawa.

Baba Rabaran bai yi dariya ba. Ya ɗauki kwafin farko, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Alkawari na yi wa mai girki. Ki kai mata. Ki ce ta karanta shi duka, a hankali."

Na karɓa, na rusuna. Rungumar ce dai ba a samu yi ba.

A hanyar gida maigidana ya jira har muka yi nisa da coci. Sannan ya ce, "Wannan mai haƙuri da mijin, a wace unguwa take? Ina so in je in gaishe ta."

Littafin ya shiga hannun mutane, har wasu mata sun ce ya taimake su, kuma na gaskata, domin abin da ke cikinsa gaskiya ne ko da mai rubutun ba ta kai shi ba. Ni dai abin da na koya shi ne, yanzu in baƙo ya tambaye ni wace irin mace ce marubuciyar, sai in ce muna gaisawa, amma ban san ta sosai ba.