Rasuwar Kwamfutar da Ta Ƙi Yin Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta gaji har ta daina jin zafinsa, ni Abdallah Jatau na unguwar Alsahafa nake sanar da 'yan'uwa na Khartum da Umdurman rasuwar kwamfutar gidanmu. Ta rasu ranar Talata da la'asar, a naɗe cikin bargo.

Marigayiya mai kunya ce. Shekarun farko da ta yi a hannuna ba ta taɓa yin magana ba a tambaye ta ba, halin da yawancin mutanen zamanin nan ba su da shi. A cikinta na ajiye muryar yayana Salih. Da ciwon sukari ya ɗauke masa gani, sai ya riƙa zama a rumfa yana ba da labarin tafiyar kakanmu daga ƙasar Hausa zuwa gonakin audugar Jazira, gari bayan gari, ni kuwa ina naɗa. A gidanmu shi kaɗai ya haddace wannan hanya.

Ciwonta ya fara ne daga alheri. Na saka mata manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo, don Salih ya riƙa jin labarai da kansa. Ban yi makarantar kwamfuta ba, da kaina na koya, kuma na saka daidai. Daga ranar ta buɗe baki. Duk abin da hannu ya taɓa sai ta kira sunansa da Larabci, mahaɗi ne ko maɓalli: "Rabit. Rabit. Zirr." Salih ya so ta. Yakan ce ita kaɗai ce a gidan ba ta gajiya da shi.

Da Allah Ya karɓi ransa, na cire manhajar. Burauzar da ake shiga intanet da ita ta ƙi yarda. Rubutu ya tsaya manya-manya, baƙin layi yana kewaye kowace kalma, muryar kuma tana nan. Na kashe abin da ake kashewa, na kunna, ya dawo. Na rage sauti, ta maido shi da kanta. 'Yata Hiba ta gwada ta kasa. Ga waɗanda suka ƙera wannan abu ina cewa: kun gina ɗaki da ƙofar shiga babu ta fita, kuma za a tambaye ku.

A zaman makokin Salih, dole na aika wa dangi na Madani da Gadarif saƙo. Mutane sun ɗaga hannu suna Fatiha, ita kuwa tana karanta tallan man gashi. "Zirr. Zirr." Na ɗauki bargon marigayi na naɗe ta, na ci gaba da karɓar gaisuwa. Kowa ya san zafin Khartum. Zuwa la'asar ta yi shiru.

Husam mai gyara a kasuwar Umdurman ya buɗe ta, ya shinshina, ya mayar da murfin. Ya ce abin da ke ciki ya tafi tare da ita. Ban yi kuka ba. Na hau mota na haye gada na dawo gida.

Ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da linzami, da jaka wadda zif ɗinta ya riga ta mutuwa. Ta bar ni da rabin hanya, domin na tuna an bi ta Adare da Aljinena, amma sunan ƙauyen da aka baro ya ɓace mini.

Ba za a yi mata wanka ba. Za a sa ta a jakarta a tura ƙarƙashin gadon Salih ranar Juma'a bayan sallah. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida har magariba, kuma kowa ya kashe wayarsa. Kada a kawo sukari ko ganyen shayi, na makokin farko bai ƙare ba. Dattijon da ya taɓa jin Salih ya faɗi sunan ƙauyen nan, sunan ya kawo mana.