Yadda Za Ka Kori Ciwon Sukarin Ɗan Ƙanwarka Da Gudu

Wata Lahadi ce, an kwana ana ruwa a unguwar Adjamé, rana ta fito da zafin nan mai manne riga a jiki, Kawu Inusa ya ƙirƙiro wannan magani. Bi sawunsa, na yi maka alkawari kafin azahar sunanka ya zaga unguwa.

1. Kada ka saurari likita

Sadi, ɗan ƙanwarsa da ke zaune a gidansa, shekararsa ashirin da ɗaya, siriri kamar tsinken tsire. Tun yana ƙarami jikinsa ba ya yin insulin, da allura yake rayuwa. Likita ta ce nasa daban yake da na manya masu tumbi. Kawu ya ce sukari sukari ne, ai wani Alhaji a tashar jiragen ruwa da tattaki ya warke. Kai ma nemi naka Alhajin. Ba sai ka taɓa ganinsa ba.

2. Zaɓi lokaci

Jira ya yi allurar safe, ya ɗauki burodi, sannan ka karɓe. "Ci ne ya kai ka ga haka," in ji Kawu. Allurar kuwa tana can tana aikinta, ba wanda ya gaya mata an fasa karin kumallo.

3. Caje aljihu

Kawu ya zaro na'urar awo da ƙwayar sukari shida a leda.

Sadi, mai kiran kawunsa Tonton, ya ce, "Tonton, na lokacin da sukarina ya faɗi ne. Kafin motsa jiki sai na auna, na ci wani abu."

"Mai ciwon sukari da sukari a aljihu? Ka taɓa ganin an kashe gobara da fetur?"

Zuba su a naka aljihun. Mai kwana a ɗakinka ba ya musu da kai.

4. Kai ka bi a mota

Daga mahaɗar Liberté zuwa kasuwar Treichville, shi a ƙasa yana gudu, kai a baya, gilashi a rufe. Danna masa oda ita ce taka gudummawar.

5. Fassara alamu

A kan gada gumi mai sanyi ya keto wa Sadi, hannu na rawa, harshe ya yi nauyi. Kawu ya leƙo ya ce, "Alhamdu lillahi, ciwon ne ke fita." A bakin kasuwa Sadi ya kifa da fuska.

6. Tsaya a kan bakanka

Tanti Kande mai bisap, zobon nan mai zaƙi, ta tallafo kansa. Ta ga idonsa biyu, yana iya haɗiya, ta kafa masa kwalba.

"Kada ki ba shi, ciwon sukari gare shi," in ji Kawu.

"Alhaji, matsa min da tumbinka. Jikata ma irin nasa ne da ita."

Can Sadi ya tashi zaune. Kai dai ka ci gaba da girgiza kai.

7. Karɓi yabo

Da la'asar Kawu ya shaida wa majalisa cewa saura ƙiris a warke, mace ta ɓata aikin. Ƙwayar sukarin nan shida, a shayinsa ya zuba su.

Gargaɗi: wanda ya gwada wannan a inda babu Tanti Kande, ya nemi likkafani, kada ya neme ni. A namu an yi asarar haƙorin gaba ɗaya, da riga ɗaya, da ɗan ƙanwa ɗaya, don a ranar Sadi ya kwashe kayansa ya koma wajen yayarsa Zalihatu. Tumbin Kawu bai rasa komai ba.