Agwagwa Mai Kwana Tara

Wani ne daga ƙauyen masu noman tafarnuwa ya shigo nan birnin Linan neman aure. Saniyarsa tilo ya sayar ya sayi tsinken gashi na zinariya, don Gwaggo Miyao mai dalilin aure ta samo masa 'yar wani mai shagon laima. Kun dai san yadda ake yi: a haɗu a kwalekwale kan tafki, in yarinya ta yi maka, ka soka mata tsinken a gashi.

Kafin ranar, gogan naka ya ce bari ya ɗan waye. Ya haye benen wani babban gidan abinci ya hakimce. Mai kawo abinci ya jera masa kwanonin kallo, waɗanda ake nuna wa baƙo ya zaɓa, a kwashe, a dafo masa sabo. Kafin a juyo, mutumin nan ya share agwagwa da ƙaguwa, ko furen ado bai bari ba.

Mai kawo abinci ya ce, "Maigida, ina kayan kallonmu?"

"Suna ciki. Gishiri dai ya yi kaɗan."

"Agwagwar nan fa kwananta tara tana zaga tebura. Har suna muka sa mata."

Bene ya ɗauki dariya, mai waƙar gidan ma ta kasa ƙarasa baitinta. Kwana uku gogan naka yana zarya tsakanin tabarma da bayan gida. Ya tashi duk ya zabge, amma ya ce ai yanzu ya gane birni: abin da aka fara kawowa na ido ne. Ko maganin farko da mai magani ya miƙo masa, kallo ya yi ya mayar.

Ranar haɗuwa aka fito da yarinya, kyakkyawa son kowa. Ni kaina na santa, da ni ne ko tsinke goma sai na soka. Shi ma sai da ya haɗiyi yawu, amma ya tuna agwagwa, ya harɗe hannu.

Gwaggo Miyao ta zungure shi. "Soka mana, ɗan nan."

Ya ce, "Na gani, ta yi kyau. A kwashe, a kawo ta gaske."

Uban yarinya ya ajiye kofin shayinsa. "Wace ta gaske? Ita kaɗai na haifa."

Mutumin ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Haba Baba, ni fa ba baƙo ba ne a garin nan. Tsakaninmu, kwananta nawa tana zaga kwalekwale?"