Awon Bargo a Bazara

A Haɗeja, idan bazara ta kai bazara, ƙadangare ma sai ya nemi inuwa. To a irin wannan lokacin ne Tabawa ta ga ya dace ta zauna ɗinkin bargo. Ƙyallayen atamfa take tsintowa a wajen teloli, ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta bi da ɗinki layi-layi. Kuma aikin ba ya yiwuwa sai an ɗora shi a cinya. Gumi ya sa allura na ta sulɓe mata, ƙurajen zafi suka feso mata har gwiwa. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, takan naɗe shi ta cilla bayan ƙofa, ta ce ta haƙura, ai ba bashin kowa ta ci ba.

Sai kuma ta tuna sanyin bara, ta je ta ɗauko abinta.

Don kuwa Tabawa tana da bargo, mai laushi, wanda ta ɗinka da hannunta. Da sanyi ya kankama, mijinta Malam Sallau ya ce ta ara masa na kwana ɗaya. Aron ke nan har yau. Ita kuwa da zane biyu ta ƙare sanyin, tana makyarkyata, abin yana ci mata rai. Ta yi alkawari a zuciyarta bana ba za a maimaita ba.

Shi Malam Sallau tsohon direban tirela ne, mutumin kirki mai kiyaye addini, sai dai akwai cika baki, ga saurin wallahi. A faɗarsa, ya kwana a kan kwalta a Jos da ’yar singileti, sanyi bai ko gaishe shi ba.

Ran nan bayan azahar yana kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, yana fifita da mafici, ƙaninsa Barau na zaune a gefe yana shan wannan labari na Jos karo na ba adadi. Tabawa ta fito rungume da bargon. Ita ba ta san awo da tef ba, a jikin mutum take gwadawa, kamar yadda ta ga kakarta na yi. Sai kawai ta warware bargon ta lulluɓe Malam tun daga wuya har ƙafa.

Malam Sallau ya zabura kamar an watsa masa ruwan zafi.

“Subhanallahi! Ke Tabawa, gasa ni za ki yi?”

“Miƙe ƙafarka, Malam, awo nake. Yanzu zan ɗauke.”

Ta duƙa ta duba. Yatsunsa sun leƙo waje. Ta gyaɗa kai, saura layi biyu ke nan.

Barau ya ƙyalƙyale da dariya. “Matar Yaya, ba kin ce naki ba ne? Ke da ba ki kai kafaɗarsa ba, me ya kawo awo a jikinsa?”

“Barau ke nan,” in ji ta. “Wanda ya sha ruwa ai shi ya san daɗin laima. In sabon ya rufe masa ƙafa, ka ga tsohona ya dawo gida.”

Wannan magana ta sosa wa Malam inda ba ya so, ga shi a gaban ƙaninsa. Ya ture bargon, ya tashi zaune, gumi na tsiyaya daga gemunsa, ya ɗaga ɗan yatsa sama.

“Ni? Ni da sanyin Jos bai kayar ba? Barau, ka zama shaida. In na lulluɓa da wannan tarin tsumman, yau ko gobe ko baɗi, wallahi tal...”

Tabawa ta yi wuf ta tare shi, tana naɗe bargonta.

“Don girman Allah, Malam, haɗiye sauran. Bara da ka yi irinta, ni na ɗinka bargon, ni kuma na tuƙa tuwon kaffara na mutum goma.”