Ta Ƙi Komawa Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da kishin Hausa ya kusa raba ni da matata. Har yau idan hanya ta bi da ni ta tashar motocin Zango, sai in ji kamar kowa ni yake kallo.

A lokacin ina gina wa wata ƙungiyar dillalan hatsi manhajar yanar gizo, inda mutanensu na Daura da Mai'adua za su riƙa duba farashin gero da dawa da gyaɗa a waya. Mu biyu ne a kan aikin, ni a Daura, abokina Nazifi a Katsina. Ni kuma ina da wata cuta: ba na son jin Turanci a bakin Bahaushe matuƙar abin zai faɗu da Hausa. Nazifi ya ce “tamfilet”, in ce ya gyara bakinsa. Ni na zauna na raɗa wa komai suna. Babban shafin da ke ɗauke da kai da ƙafa da jerin maɓallan sama, wanda sauran shafuka ke ɗaukar fasalinsa, wato tamfilet ɗin nasa, na kira shi uwa. Ƙananan shafukan su ne 'ya'ya, abin da suke ɗauka daga gare ta kuma gado. Maɓallin da ke mayar da mutum shafin farko, Gida. Ɗora sabon aiki a intanet kowa ya gani kuwa saki ne, kamar yadda ake cewa an saki sabon fim. (Har taƙama nake yi da wannan ƙamus nawa. Na taɓa ce wa Nazifi wata rana jami'a da kanta za ta neme ni.)

To, ana saura kaɗan mu miƙa aiki sai maɓallin Gida ya tubure. Idan kana shafin farko ka danna shi, lafiya lau. Da zarar ka shiga ciki, ka buɗe farashi, ka buɗe gero, sannan ka danna Gida, sai ya watsa ka wani farin fili mai rubutu ɗaya: ba a sami wannan shafi ba. Na duba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ban ga komai ba. Na zargi burauza, wato abin da ake buɗe shafukan intanet da shi, da riƙe tsohon aiki, na share ta tas. Na canza sunan shafin, na saki manhajar, bai yi ba. Na mayar da sunan, na sake saki, bai yi ba. Shugaban dillalan kuma kullum sai ya kira ya tambaye ni ko yaran zamani sun fasa ne.

Duk wannan yana faruwa ne matata Saudatu tana jego. Ta haifa mana ɗa na biyu, an yi suna, ƙanwar mahaifinta Gwaggo Hajara ta zo daga Zango tana yi mata wanka. Ni dai a gidan nake kwana, amma ban ce ina gidan ba. Abinci ma a kan kwamfuta nake ci.

Gidanmu akwai wuri ɗaya tak da waya ke kamawa sosai, wato lungun baya, jikin katanga. Ta ciki kuma daidai nan murhun da Gwaggo ke dafa ruwan wanka yake. Wannan ban tuna da shi ba sai daga baya. Ranar, bayan azahar, Nazifi ya kira, na fita lungun na jingina da katanga. Ni kuwa idan raina ya ɓaci ba na magana a hankali.

“Na sake ta mana! Wallahi na sake ta. Wannan shi ne na uku.”

Nazifi ya ce wani abu daga can.

“Ina! Na yi na yi ta koma Gida, ta ƙi. Ni ban taɓa ganin taurin kai irin wannan ba.”

Ya tambaye ni ko na duba babban shafin.

“Ai ni ma yanzu na fara zargin daga uwar ne. Uwar ce a karkace, shi ya sa 'ya'yan duk suka gada. Ni dai na gaji, Nazifi. In ta kama a sake sabon gini da wata, a sake.”

Na kashe waya, na shiga na ɗauki jakata. An ɗauke wuta, don haka na wuce shagon wani abokina kusa da kasuwa mai janareto. Na dai lura Gwaggo tana tsaye da ludayi a hannu tana kallona baki buɗe, na ce mata sannu da aiki, ba ta amsa ba. Na ɗauka hayaƙi ne ya dame ta.

A shagon, wayata ce ke ba kwamfutar intanet, duk kiran da ya shigo sai ya yanke mini aiki. Saudatu ta fara kira, na katse. Ta sake kira, na katse. Da abin ya yi yawa sai na tura mata saƙo: “Don Allah ki ƙyale ni, raina a ɓace yake.” (Ko mai shirya sharri da gangan ba zai tsara shi da kyau haka ba.)

Wajen la'asar na gano matsalar, kuma da gaske a jikin uwar take. Lokacin da na rubuta adireshin maɓallin, da hannu na rubuta shi maimakon in kira shafin da sunan da tsarin ya san shi da shi, kuma na manta da alamar nan (/), 'yar karkatacciyar sandar da ake sawa a farkon adireshi. Ba tare da ita ba, maɓallin ba ya komawa tushe, sai ya nemi Gida a cikin duk inda yake tsaye. Yana cikin gero, sai ya nemi Gida a cikin gero. Da yake duk shafukan daga uwa suke ɗaukar jerin maɓallan, kuskure ɗaya ya bi su kaf. Na gyara, na saki, na danna. Ya koma Gida sumul. Na yi hamdala, na tsaya na sayi tsire mai yawa don a yi murna.

A ƙofar gida na tarar da maƙwabcina Malam Idi, dattijo mai sayar da taki, kamar ni yake jira. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

“Ashe abin da ya faru ke nan? Sai haƙuri.”

Na ɗauka ihuna ya ji a lungu. Na yi dariya na ce, “Kai ma ka ji ko? Wallahi ta wahalar da ni, amma yanzu na huta.”

Ya dubi ƙullin tsiren, ya dube ni. “Amma har uku, ɗana? A zama ɗaya?”

“Uku? Ai yanzun nan na yi na huɗu.”

Malam Idi ya sake mini hannu a hankali, ya ce innalillahi, ya shige gidansa.

Na shiga na tarar da gida shiru. Ba Saudatu, ba jariri, ba babbar 'yarmu Ummi, ba Gwaggo. Tukunyar ruwan wanka tana kan murhu ta huce, akwatin Saudatu babu. Ina tsaye a tsakar gida wayata ta yi ƙara, surukina ne. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ce, “Sun iso lafiya. Gobe da hantsi ka zo ka maimaita a gabana abin da ka faɗa a bayan katanga.” A nan ne maganganuna suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na ji su da kunnen Gwaggo. Na zauna a kan turmi. Tsoro na ji, na gaske, don na san saki uku ba abin da ake gyarawa da ban haƙuri ba ne.

Washegari na goya jakar kwamfuta a babur na nufi Zango. A zaure na tarar da Baba, wato surukina, da limamin unguwarsu. Gwaggo tana bakin ƙofar cikin gida, bayanta kuma ina jin motsin mutane, na san Inna mahaifiyar Saudatu tana ciki. Tun da na auri 'yarta, tsakanina da Inna gaisuwa ce daga nesa, ina durƙushe, kowa kansa a ƙasa.

Liman ya ce Gwaggo ta faɗi abin da ta ji. Baiwar Allah nan ba ta rage ko wasali ba. Har muryata ta kwaikwaya, har inda na ja “wallahi”.

Liman ya juyo. “Ka faɗi haka?”

“Na faɗa, Allah gafarta Malam.”

“Ka san hukuncin uku?”

“Na sani. Amma ba Saudatu na saka ba.”

Baba ya ɗago kai. “To wa ka saka?”

“Manhaja, Baba.”

“'Yar gidan wa ce?”

Na buɗe jaka na ciro kwamfuta. Waya ba ta kamawa a zauren, sai da na miƙe na ɗaga ta sama a bakin ƙofa, ni a tsaye surukina a zaune, abin da ban taɓa yi ba. Na nuna musu farashin gero, na nuna musu maɓallin Gida, na yi ta bayani ina haɗa gumi. Liman mutum ne mai duba karatu a waya, bai daɗe ba ya gane inda aka dosa, na ga yana danne dariya da gefen rawani. Amma ya ce magana ce ta aure, ba a yanke ta da zato. Tunda akwai wanda nake magana da shi, a kira shi a ji daga bakinsa, a buɗe murya kowa ya ji.

Na kira Nazifi. Kafin in ce masa ga inda nake, ya ɗauka da ihunsa na kullum:

“A'a, sarkin saki! Ya uwar, ta miƙe kuwa, ko har yanzu tana karkace?”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Can sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙofa, a nutse, ba da ni take magana ba amma kowa ya san da wa take:

“Malam, a tambaye shi wace uwar ce a karkace.”

Haka na durƙusa, na juya kwamfutar ta fuskanci ƙofa, ina yi wa labule bayani cewa uwar wani shafi ne, kuma laifin ma ba nata ba ne, ni ne na manta ban sa mata sanda ba.

Gwaggo ta ce, “Sanda kuma? Kun ji ko!”

Sai da liman ya sa baki. Ya yi wa Nazifi tambayoyi, ya sa na rantse cewa ban nufi matata ba, ban ambace ta ba, ban fuskance ta da maganar ba. Sannan ya ce aure yana nan daram, babu abin da ya taɓa shi. Ya ƙara da cewa in nemi wata kalmar, wannan tana da masu ita. Baba bai yi dariya ba. Ya ce in shiga in ga iyalina.

Na sami Saudatu a ɗakin Inna tana shayar da yaron, idanunta sun kumbura. Na fara zuba, ina cewa ai ta san yadda nake magana da Nazifi, ta sha jin ina cewa uwa da 'ya'ya, ya za a yi ta yarda.

Ta bari na gama, sannan ta ce, “Baban Ummi, da Gwaggo ta faɗa mini dariya na yi. Na ce aikinsa ne. Na kira ka don ka faɗa mata da bakinka, ka katse. Na yi ta kira kana katsewa, sannan ka ce in ƙyale ka. Sai na zauna ina tuna rabon da ka ɗauki yaron nan, ko ka tambaye ni ya jiki. Na kasa tunawa. Daga nan ne na daina dariya.”

Duk kunyar da na sha a zaure ba ta kai wannan ciwo ba, don a zaure fahimta ce aka yi mini ba daidai ba, a nan kuwa daidai aka fahimce ni.

Ta ce tunda an riga an kawo ta, za ta ƙarasa arba'in a gida ta huta. Ban yi musu ba, da wane bakin? Na koma Daura ni kaɗai da kwamfutata a baya, na bi layi ina yi wa maƙwabta bayani, na fara da Malam Idi, wanda har yau ban tabbata ya yarda ba. Dillalan hatsi suka karɓi aikinsu suna yabawa, ba su san abin da maɓalli ɗaya ya ci ba.

Abin da na koya shi ne, abin da bakinka ya ɓaro liman zai iya wanke ka a zama ɗaya. Amma abin da ya sa matarka ta ji maganar ta yarda, wannan wankin naka ne kai kaɗai, kuma ba ya fita da wuri. Ni dai ranar da suka dawo, da tsumman jariri na fara.